Tuya ko bugambiliye: wanne za mu dasa a tsakar gida?

Ga damina ta sauka, ranar 3 ga Agusta kuma tana tafe, ranar da ƙasarmu ta keɓe tun 1975 domin dashen itace. A irin wannan lokaci ne duk wanda Allah ya hore wa gida yake tunanin abin da zai kafa a bakin ƙofa ko gefen katanga. Saboda haka a wannan mako za mu ajiye zancen kasuwa da na albashi, mu auna tsirrai biyu da masu sayar da dashe suka fi tallata wa ma'aikata da ƴan kasuwa, wato tuya da bugambiliye.

Abin da ya jawo zancen shi ne abin da ya sami wani yayana, ma'aikacin gwamnati a Yamai. Shekara goma sha biyu ya yi yana tara bulo kafin ya gama gininsa. Da ya tare, sai ya ce ba ya son komai a gaban gidan sai waɗannan korayen itatuwa masu tsini da yake gani a ƙofar manyan otel. Ya sayo tuya takwas, ya jera su jikin katangar da ke fuskantar yamma. Na ce masa: "Yaya, ka tambayi mai dashen irin ruwan da suke sha?" Ya ce ai abin da ke kore shekara duka ba ya jin rani. Kafin watan Mayu ya ƙare biyar sun bushe ƙurmus, ukun da suka rage kuwa gefe guda kore, gefe guda kamar an babbaka. Da uwargidansa ta ji sunan icen sai ta yi dariya ta ce: "Ai sunansa ne ya bi shi, rana ta yi masa tuya."

To, mene ne tuya? Shi ne wanda Faransawa ke kira thuya, masana tsirrai kuma suke ce wa irin da aka fi kawo mana Platycladus orientalis. Dangin itatuwan nan ne na ƙasashen sanyi waɗanda ba su yin fure irin wanda muka sani, sai dai ƴan ƙulle-ƙulle masu ɓawo da iri a ciki. Asalinsa arewacin ƙasar Sin da Koriya, inda ake samun waɗanda suka haura shekara 1,000 a harabar wuraren ibada. Ganyensa ƙanana ne kamar ɓawon kifi, a jere a kan rassa masu faɗi kamar mafici, kuma ba ya zubar da su gaba ɗaya. Kyansa ke nan: tsaf yake, ba ya cika tsakar gida da shara, ba shi da ƙaya, ba ya bazuwa ya tare hanya.

Amma fa akwai abin lura. A ƙasarsu ana lissafa shi cikin masu jure fari, sai dai farin can ba ya zuwa da zafin da ke haura digiri 40 kullum a watannin Afrilu da Mayu. Katangar siminti da ta sha ranar la'asar kuma tana mayar masa da zafin har cikin dare. Ƙurar hunturu tana toshe ganyen, bushewar iska kuma tana kiran wasu ƙananan jajayen ƙwari, dangin gizo-gizo, masu tsotse shi. Babban aibinsa shi ne ba ya toho daga tsohon reshe: wurin da ya ƙone ya ƙone ke nan, ko an ba shi ruwan kogin Kwara. Ga shi da jinkirin girma, wanda ya sa dashensa yake da tsada, domin mai reno ya daɗe yana wahala da shi kafin ya kai na sayarwa.

Bari mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Daga Oktoba zuwa Mayu wata takwas ne babu ruwan sama, kwana 240 ke nan. Idan kowane ƙaramin dashe yana shan rabin bido a rana, bido 120 ke nan; guda takwas kuwa bido 960. Wanda ke da pompo a gida zai gani a takardar kuɗin ruwa, wanda ke saye wurin ƴan garuwa zai ji a aljihunsa kowace safiya. Mutumin Damagaram, inda aka san darajar kowane ɗigo, ba ya bukatar in yi masa bayani.

Shi kuwa bugambiliye, shi ma baƙo ne, amma baƙon da ya sami gari daidai da halinsa. Asalinsa Amurka ta Kudu. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, Philibert Commerson, ya same shi a wajen Riyo de Janero ta ƙasar Birazil a 1767, lokacin da yake cikin tafiyar kewaya duniya ta Louis-Antoine de Bougainville, shi ya sa aka laƙaba masa sunan shugaban tafiyar. Tare da Commerson akwai mataimakiyarsa Jeanne Baret, wadda ta shiga jirgin cikin shigar maza, kuma ita ce mace ta farko da aka sani ta kewaya duniya.

Wani abin mamaki shi ne, jan nan ko ruwan hoda ko farin da muke sha'awa ba shi ne furen ba. Ganye ne guda uku da suka rikiɗe, siraran kamar takarda, suna kewaye da ainihin furen, ɗan ƙarami fari a tsakiya. Halinsa kuma akasin na tuya ne. Yana son rana tsagwaronta, kuma idan saiwarsa ta kama, ƙishi kaɗan ne ke sa shi ya yi fure. Wanda ya cika masa ruwa da taki zai sami ganye kore shar, ba fure. Shi ya sa yake ƙawata katangu a tsakiyar rani, lokacin da komai ya yi fari fat. Ba sai an saya ba ma: reshe mai ɗan ƙwari, tsawon taƙi guda, idan aka kafa shi cikin leda mai yashi da taki a inuwa, ana yayyafa masa ruwa, yakan yi saiwa cikin ƴan makonni. Sai dai a yi hattara ranar dasawa, kada ƙasar da ke riƙe da saiwar ta wargaje, domin saiwarsa ba ta son taɓi.

Ba zan ɓoye laifinsa ba. Yana da ƙaya mai kaifi, wadda take amfani a kan katanga saboda masu tsallake, amma take cutarwa inda yara ke wasa ba takalmi. Yana zubar da busassun furanni, sai an riƙa shara. Idan kuma aka sake masa, zai hau rufi, ya kama wayar lantarki, ya leƙa gidan maƙwabci ya jawo magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a ɗaure shi a inda ake so ya bi, a riƙa rage shi duk lokacin da ya gama fure, tun da a sabon toho yake yin wani.

Ga shawarata. Mai gida a Yamai ko Maraɗi, wanda ke da ruwa wadatacce da mai kula da garka, yana iya kafa tuya ɗaya ko biyu a gefen gabas, inda ginin zai kare su daga ranar la'asar, yana wanke musu ƙura lokacin hunturu. Amma jera su takwas ko goma a jikin katanga kallon kitse ne ake yi wa rogo. Mutumin Tawa da na Damagaram, da ma'aikacin da kullum ake iya canza masa wurin aiki ya bar gida hannun ɗan haya, bugambiliye ya fi musu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abu na ƙarshe: duk su biyun ado ne, babu mai ba da inuwar da za a shimfiɗa tabarma. Kafin a sayi ko ɗaya, a fara samar wa dogon yaro ko mangwaro wuri, a kuma tuna da lallenmu na gida, mai furen ƙamshi da ganyen da mata ke bukata. Yayana dai ya tumɓuke busassun nan biyar, ya karɓo rassa kyauta daga gidan maƙwabcinsa, bana katangarsa ta yi ja har masu wucewa suna tsayawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.