Hurumin Jama'a Amana Ne

Maganarmu ta yau a kan hurumi take, watau filin da ake keɓewa domin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta da ofisoshin hukuma.

Malamai sun san abin nan yana da asali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u domin kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malaman Malikiyya sun ce kowane gari yana da hurumi inda ake kiwo da yin itace, ba mai ikon mallake shi shi kaɗai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hukuncin ƙasa.

Dokar zamani kuwa, tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna. Dokar 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana ga Gwamnanta, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon karɓar fili a ƙauye domin amfanin jama'a. Amma kai mai karatu ka lura: diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da shuka da itatuwa, ko a ba mutum wani fili. Ba kuɗin ƙasar kanta ake biya ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. A 1976 ƙaramar hukumar Ikara ce ta haɗa ƙasar nan. Daga baya Makarfi da Kudan suka sami nasu, kowace tana bukatar sakatariya da makarantu da ɗakunan magani. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa, gonar rake da masara kullum sai tsada. Garin da bai keɓe fili da wuri ba, ran da aikin gwamnati ya zo, ko a ƙwace gonar talaka, ko aikin ya wuce gaba.

Wanda aka keɓe ɗin ma, in ba tsaro, cinye shi ake yi da kaɗan kaɗan. Mu dubi Zariya. A 2015 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rushe gidajen da ta ce an gina cikin filin makarantar Alhudahuda. Mai gini ya yi hasara, wanda ya sayar kuwa ya riga ya ci kuɗinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka shawararmu uku ce. Hakimi da dagatai su zauna da ƙaramar hukuma a auna kowane hurumi, a kafa duwatsun iyaka, a yi rajista a hukumar KADGIS ta Kaduna. Malamai su zama shaidu, a karanta iyakokin a masallacin Jumma'a kowa ya ji, su kuma tsaya a ba mai gona musaya ta adalci, gama makarantar da aka gina bisa zalunci ba ta da albarka. 'Yan kasuwa kuma kada arha ta ruɗe ku: kowane fili da ke jikin makaranta ko maƙabarta, ku bincika kafin ku ƙirga kuɗi.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalam.