WA YA CI KUƊIN KAKANNINMU?

Ya ku 'yan'uwana talakawan Gusau, da Tsafe, da Bunguɗu, manoma da makiyaya, maza da mata. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ko a dandali ko a bakin masallaci. Iyayenmu mata kuma a shiga gida a karanta musu, don su ma maganar ta shafe su.

Zaɓe ya matso, kuma kun fara jin wata kalma tana yawo, watau "bawa". Idan ɗan talaka ya fito takara, sai a aiko 'yan koren manya su bi zaure zaure suna raɗa, wai a binciki asalinsa, wai kakansa da igiya aka kawo shi. Ga kuma wasu a cikin wayar hannu, dare da rana suna zuga Bahaushe cewa Bafillace ne ya bautar da kakansa, suna zuga Bafillace cewa Bahaushe ramuwa yake nema. To, tunda su suka tono maganar, bari mu ƙarasa musu tonon, mu ga wanda ƙasa za ta rufta wa.

An yi bauta a ƙasar nan, kuma ba kaɗan ba. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke cikin Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi. Su suka noma gandayen manya, su suka cika rumada, su suka ɗauki kayan fatake. Wasu an ƙetare Sahara da su zuwa Tarabulus. Wasu an gangara da su bakin teku, har Hausawa suka tsinci kansu a Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka ƙulla tawaye tun 1807.

Mi ya kawo ta? Ku saurara da kyau, nan ne ba su so ku gane. Na farko dai yaƙi. Tun kafin jihadi sarakunan Gobir da Zamfara da Katsina suna kai wa juna hari, wanda ya ci gari ya kwashe mutanensa. Bayan jihadi ma ba a huta ba. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri suna kawo hari nan, daga nan kuma ana kai musu. Gusau kanta, da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a 1811, ta zauna ne a bakin daga. Don mi kuke tsammani kakanninmu suka kewaye garuruwa da ganuwa, suka lafe jikin duwatsu irin na Kwatarkwashi? Tsoron mahara ne. Kuma mahari ba ya tambayar kabilarka. Abin da yake dubawa, akwai mai kare ka ko babu?

Sa'an nan ga kasuwa. Mutum ya zama kuɗi. Da bawa ake sayen doki, da doki ake kamo wani bawan. Da bayi ake kai gaisuwa, da su ake biyan bashi. Idan yunwa ta faɗo, talaka ya rasa hatsi, ɗansa ne ke tafiya jingina, wani sa'i ba ya dawowa. To, ni na tambaye ku: manomi mai jaki ɗaya, ko makiyayi mai 'yan shanu biyar, ina ya ga doki da sulke da zai kai hari? Wanda ya ci kuɗin kakanninmu mai doki ne, mai mulki, mai jari. Akwai Bahaushe a cikinsu, akwai Bafillace, akwai Buzu, akwai Balarabe, akwai Nasara can bakin teku da jirginsa. Waɗanda aka ɗaure kuma, kowace kabila akwai ta a cikin igiyar.

Masu fakewa da sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo su ma su ji. A ƙarshen 1803 mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu kuma Bahaushe. Suka ɗauro Musulmi, suka biyo da su kusa da Ɗagel. Jama'ar Shehu suka tare su suka kwance su. Wannan yana cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804. Ashe ke nan kwance ɗaurarru yana cikin mafarin jihadi. Amma gaskiya ɗaya ce, ba mu rage ta don kunyar kowa: bayan an kafa daula ba a daina kamun mutane ba, rumada sai ƙaruwa suka yi. Duk mai son Shehu da gaske, aikin Gimbana zai gada, watau kwance wanda aka ɗaure.

Shi kuwa mai gorin asali, abin dariya ne. A shari'a ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, yana hawa gadon sarauta, kuma an yi sarakuna da yawa a ƙasar Hausa da haka aka haife su. A fadar Kano, Shamaki da Ɗanrimi da Sallama bayin sarki ne, amma hakimi ma sai ya lallaɓa su. In za a bi jinin kowa da fitila, wallahi gidaje da yawa sai a kashe fitilar. Kuma wa ya fara kiran salla a Musulunci? Ba Sayyidina Bilalu ba ne, wanda Sayyidina Abubakar ya saya ya 'yanta?

A makaranta an gaya mana wai Nasara ne suka zo suka 'yanta bayi. Na koyar da 'yan firamare kafin in shiga wanga aiki, na san abin da ke cikin littattafan, na kuma san abin da aka tsallake. Gaskiya ne Gwamna Lugga ya hana harin bayi da cinikinsu, ya kuma ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. To, uwarsa da ubansa fa? Su aka ce su zauna inda suke, su biya murgu, su tara kuɗin fansar kansu, su kai gaban alƙali. Wanda ya gudu, a hana shi gona. Da talakawa da gudaddun bayi suka yi bore a Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906, sojan Nasara suka share garin da bindiga, manyan ƙasa suna taya su. Ba a soke bauta dungum a Arewa ba sai 1936. Shekara 33 bayan cin Sakkwato! Kafin nan an riga an ƙirƙiro mata ƙanne: aikin tilas na hanya da na dogo, da haraji, da jangali, da noman gandun hakimi. Su ne NEPU ta Malam Aminu Kano ta tashi yaƙa tun 1950, aka ɗaure 'ya'yanta, aka yi musu bulala. Sai a 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Da ƙuri'a aka yi wannan, jama'a, da ƙuri'ar talaka. Wajen 2009 kuma aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu, ya shekara goma da 'yan kai kafin a ce a maido shi. Yaron da bai san Satiru ba, ai komi aka gaya masa a waya sai ya hau.

Yanzu ku ɗaga kai ku dubi inda muke. Kalmar "fansa" da muke ji a bakin tsofaffi in suna labarin zamanin dauri, yau har yaro ɗan shekara bakwai ya san ta. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba 2023 aka shiga Sabon Gida, nan ƙasar Bunguɗu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa Tsafe, direba ya sha bin ta da addu'a a baki. Ƙauyuka nawa aka aza wa kuɗi kafin su yi shuka, aka sake aza musu kafin su yi girbi? Magidanta nawa aka kora daji suka noma gonar ɗan bindiga ba ko sisi? Nawa suka sayar da gona da shanun huɗa don su fanso matansu? Mutumin da aka ɗaure da sarƙa, aka yi masa kuɗi, aka sa shi noma dole, ku gaya mini sunansa da Hausa. Babur ya maye doki, bindiga ta maye mashi, sauran duk tsohon abu ne: ƙauye ba mai kare shi, ga kuma masu cin riba a birni, mai sayar da makami, mai kai man fetur, mai kai rahoto. Rugar Bafillace talaka ma an kore mata shanu, an kashe mata mutane. A watan Yuli 2022 kuwa, a 'Yandoton Daji ta ƙasar Tsafe, rana tsaka aka naɗa wa wani jigon 'yan bindiga rawani, har sai da gwamnati ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi.

Shi ya sa suke son ku shagala da asalin wane da kabilar wane. Muddin Bahaushe da Bafillace suna zagin kakannin juna, ba mai tambayar ina kuɗin tsaro suka shiga. Jam'iyyarmu ta ɗauki alkawari a rubuce: kuɗin tsaro a riƙa karanta lissafinsu a fili a majalisa, mai ɗaure wa 'yan bindiga gindi ya gurfana gaban shari'a komi girman rawaninsa, wanda ya sayar da gona don fansa a taimaka masa ya koma noma, burtali da mashaya a shata su, manomi da makiyayi su san iyakarsu, tarihin ƙasar nan kuma a koya wa ɗiyanmu shi da daɗinsa da ɗacinsa.

In ɗan takara ya zo garinku, ko namu ne, kada ku bari ya tafi da kirari da atamfa da sabulu. Dattijo ɗaya ya miƙe ya ce masa: "Ranka ya daɗe, mutum nawa aka ɗauka a gundumar nan bana? Ranar da aka ɗauke su kana ina?" In ya fara zancen asali ko kabila, ku maimaita masa tambayar. Kowa ya nemo katinsa na zaɓe tun yau ya adana. Waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Gusau ko Tsafe su je ofishin hukumar zaɓe su tambayi inda za su jefa ƙuri'a. Ranar zaɓe a fita da sassafe, maza da mata, kuma kada a watse daga rumfa sai an ƙirga an rubuta a gaban idonku.