Dabarun Gida: Hoto Mai Faɗi, Rabi Haske Rabi Duhu

Wani mai karatu daga Achilafiya ya rubuto mana da ɓacin rai. Ya ce a kakar bara dangi duka sun taru a gonar kakansu, har da tsohuwar da ta daɗe ba ta fita. Hoto ɗaya bai iya ɗaukar jama'a da gonar ba, sai ya ɗauki guda biyar a jere domin a haɗa su. Da aka haɗa, gefen gabas ya yi duhu, wajen tsamiya kuwa ya yi fari fat, fuskar tsohuwa ba ta fito ba. Yana tambaya ko kyamararsa ta lalace.

Ɗan'uwa, kyamararka lafiya lau take. Tana auna haske sabo duk lokacin da ka juya ta, kamar yadda idonka yake tsukewa in ka fito daga ɗaki. In ta fuskanci rana sai ta rage haske, in ta fuskanci inuwa sai ta ƙara. Maganin abin shi ne a kulle awon, watau a sa ta riƙe awo ɗaya tun daga hoton farko har na ƙarshe.

Da fari ka zaɓi wurin da haskensa yake tsaka-tsaki. In waya ce, ka ɗora yatsa a kan wurin ka riƙe har alamar kwaɗo ta fito. A iPhone rubutu ne yake fitowa mai cewa AE/AF LOCK. In babbar kyamara ce, ka nemi maɓalli mai AE-L. A Canon alamar tauraro ce.

To, amma kullen yakan kwance, kuma dalilai uku ne suka fi jawo haka. Na ɗaya, a waya, in ka sake taɓa wani wuri a gilashin, ya kwance ke nan. Na biyu, a waɗansu kyamarori sai ka ci gaba da danne maɓallin, a waɗansu kuma yakan saki bayan 'yan daƙiƙoƙi. Na uku, in ka bar kyamara a kan koren alama inda take yin kome da kanta, sau da yawa maɓallin ba ya aiki. Ka mai da ita kan P.

Abin da ya fi duka shi ne ka koma kan M. Ka duba lambobin da ta auna, misali f/8 da 1/250, ka sa su da hannunka. Ka tsai da ISO a 100, awon launi kuma a kan alamar rana. Sa'an nan ka ba rana baya, ka tsaya wuri ɗaya kana juyawa, kowane hoto ya hau kashi ɗaya cikin uku na wanda ya riga shi.

Kada ka jira ranar taro kafin ka koya, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In ka shiga Kazaure ko Roni, ka gwada hannunka a kan duwatsu da hantsi, har abin ya zauna maka. Ka gai da tsohuwa. Sai wata mai zuwa.