Kunkurun Papert da takardun Bakolori

A ƙarshen shekarar 2022 kamfanin Lego ya daina ƙera Mindstorms, wato kayan wasan nan da yara ke harhaɗawa su zama mutum-mutumi, sannan su riƙa ba shi umarni ta kwamfuta. Labarin bai dami kowa a nan Arewa ba, kuma ba laifi, domin wanda ke fafutukar tuwon dare ba ya ta kayan wasan 'ya'yan Turawa. Amma ni ina ganin akwai abin da ya shafe mu a ciki, musamman duk wanda ya san yadda aikin Bakolori ya tashi da yadda rabinsa ya kwanta.

Asalin abin ya faro ne a Amurka a 1967, lokacin da Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, tare da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro wani harshen kwamfuta na yara mai suna Logo. Ba da jimawa ba aka haɗa shi da wata 'yar na'ura mai tayoyi da alƙalami a cikinta, wadda suka raɗa wa suna kunkuru. Yaro zai rubuta mata ta yi gaba taku 50, ta juya dama kusurwa 90, ta maimaita haka sau huɗu, sai ga murabba'i a kan takarda a tsakar aji. Idan ya yi kuskure, kunkuru ba ya rufa masa asiri. Layin zai karkace a gaban kowa, dole ya koma ya binciko inda maganarsa ta sami tangarɗa. A matsayina na ɗalibin ilmin harshe, wannan ne ya fi burge ni, domin yaron nahawu yake koyo bai sani ba. A cikin shekarun 1980 irin waɗannan na'urori suka cika makarantun Ingila, ana sarrafa su da kwamfutar BBC Micro, har ma an gwada Logo a Dakar ta ƙasar Senegal a 1982.

Yau kwamfutocin da ke ba kunkurun umarni sun zama kayan tarihi, mafi yawan kamfanonin sun rufe, Papert kansa ya mutu a 2016. Duk da haka akwai kunkurun da ke tafiya har gobe. Dalili kuwa shi ne wasu tsofaffin malamai da masu sha'awa sun bi ɗakunan ajiya sun tattaro littattafan bayanin na'urorin, da zanen wayoyinsu, da faya-fayan da ke ɗauke da manhajarsu, suka kwafe suka ajiye inda kowa zai samu. Takardar ce ke gaya maka wace waya ke kai wane saƙo, da wutar da na'urar ke iya ɗauka. In babu ita, abin da ke hannunka roba ce kawai da tayoyi. Su ma Turawan sai da suka ji jiki kafin su yi hankali. A 1986 gidan BBC ya haɗa wani gagarumin kundi na rayuwar Birtaniya, wanda dubban makarantu suka sa hannu a ciki, aka zuba shi a faifan zamani don tunawa da cikar littafin Domesday shekara 900. Kafin a yi shekara 20 faifan ya kusa gagarar karantawa saboda na'urorin da ke buɗe shi sun ƙare, sai da jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto shi a 2002. Shi kuwa littafin 1086 da aka rubuta da tawada a kan fata yana nan ana karantawa.

To, mu dawo gida. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978. An tsara ta shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, kimanin 8,000 ta magudanai, sauran 15,000 kuma ta bututun feshi da injinan tura ruwa ke ciyarwa. Ɓangaren magudanai ya rayu duk da cikewar da ya sha yi da yashi da ciyawa, domin manomi da shebur da fartanya yana iya fahimtarsa. Ɓangaren feshi, wanda ya fi girma kuma ya fi cin kuɗi, shi ne ya mutu, saboda rayuwarsa ta rataya ga wutar lantarki da kayan gyara daga ƙetare da ilmin da ke cikin kawunan mutane ƙalilan. Da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014, mayar da wani sashe na filayen feshin zuwa magudanai na cikin abin da aka sa gaba.

Ba na cewa rashin takarda ne kaɗai ya kashe injinan nan. Amma aiki irin wannan ba ya zuwa sai da tarin zane-zane da littattafan sarrafawa da jadawalin gyara da taswirar bututun da aka binne a ƙasa, kuma dukiyar jama'a aka kashe aka saye su kamar yadda aka sayi ƙarfen. Hakkin ɗalibin injiniya ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ya iya buɗe su ya ga abin da aka binne a gonar kakansa. Kuma kada mu manta cewa a Bakolori batun takarda ya taɓa zama batun jini. Rikicin diyya da rabon gonaki, na wane ne ke da wane fili da nawa aka biya shi, shi ya kai ga abin da ya faru a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a yankin Birnin Tudu. Wanda ke son cikakken bayani a yau sai ya nemi rubuce-rubucen Björn Beckman da W. M. Adams, da Ingilishi, a mujallun da jikokin mamatan ba su taɓa gani ba.

Halin ba na Bakolori ba ne kaɗai. Duk wanda ya yi sakandare bayan shigowar tsarin 6-3-3-4 a 1982 zai tuna da injinan koyar da fasaha da aka shigo da su daga Gabashin Turai, waɗanda da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu. Na san wata makaranta da gara ta cinye littattafan tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. Abin mamaki, mu ne mutanen da suka riƙe littattafan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello shekara 200 ta hanyar kwafa da hannu, ɗalibi daga malami. Al'adar adana rubutu ba baƙuwarmu ba ce, littafin inji ne kawai ba mu ɗauka a bakin littafi ba.

Na san wani zai ce ana ta kai wa ke ta kaya, a jihar da 'yan bindiga suka hana manomi zuwa gona. Gaskiya ne, amma wannan halin ne ma ya sa abin ya zama na gaggawa. Saurayin da ya koyi aiki a hannun Italiyawa yana ɗan shekara 25 a 1978 yanzu ya haura 70, kuma rashin tsaro yana tarwatsa irinsu zuwa Gusau da Sakkwato da Kaduna.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin gyaran injin ruwa ɗaya ba. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta buɗe ɗakunan ajiyarta, a ɗauki hoton kowace takarda da ta shafi Bakolori, a ajiye kwafi a jami'ar jiha da ke Talata Mafara, wani a Gidan Arewa da ke Kaduna, kuma a buga a kan takarda, kada a dogara ga faifai kaɗai. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai su zauna da tsofaffin makanikai da direbobin tarakta da masu buɗe ƙofofin ruwa, su naɗi bayaninsu da irin sunayen da suka laƙaba wa kowane ƙarfe da bakinsu, domin daga nan ne za a sami kalmomin fassara littattafan yadda ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan za su gane. Ni dai a shirye nake in duba aikin ɗalibi biyu a kan haka a zangon karatu mai zuwa, in har hukumar za ta ba su izinin shiga.