Dokar Ruwa daga Janeba zuwa Gulbin Kaba

Ruwa ba ya tsayawa a shingen duwan. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, asalinsa daga Najeriya yake, haka shi ma Gulbin Maraɗi da aka datse a madatsar Jibiya, jihar Katsina. To in na sama ya tare ruwa, wace doka na ƙasa zai kafa hujja da ita?

Dokar ƙasa da ƙasa ba daga sama take faɗowa ba. A 1947 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa, wadda a yau ke da masana 34 masu zama a birnin Janeba. Aikinsu iri biyu ne: tattara al'adun da ƙasashe suka daɗe suna bi su mai da su rubutattu, da kuma cike giɓi inda al'ada ta yi shiru.

A 1970 aka ɗora wa hukumar batun kogunan da ƙasashe suka yi tarayya a kai. Sai a 1994 ta kammala daftarinta. Ran 21 ga Mayu 1997 zauren ya amince da yarjejeniyar, amma ba ta fara aiki ba sai a Agustan 2014, bayan ƙasashe 35 sun shiga cikinta, har da Nijar da Najeriya. Shekara 44 ke nan. Ginshiƙanta su ne: a raba amfanin ruwa da adalci, kada maƙwabci ya jawo wa maƙwabcinsa babbar illa, kuma a sanar da shi kafin a soma aikin da zai taɓa shi. A 2008 hukumar ta ƙara da daftari mai ayoyi 19 kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, irin wanda rijiyoyi da garakan kwarin Gulbin Kaba suka dogara da shi.

Abin lura, ƙasashen biyu sun riga duniya. Ran 18 ga Yuli 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan magudanai huɗu: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 mai cibiya a Yamai, ita aka ɗora wa sa ido.

Sai dai takarda ba ta ban ruwa. Haƙƙin da ba a auna ba, ba a iya ƙarar an tauye shi. Saboda haka ya wajaba ma'aikatan ruwa na Tasawa da Mayahi su riƙa auna zurfin rijiyoyi rani da damina suna ajiye lissafi, ƴan kasuwar da kayan lambu da kaba ke ciyar da su kuma su matsa wa wakilansu lamba a kai lissafin gaban hukumar. Masana sun rubuta tasu, saura masu gulbi.