Ana kukan Sarauniya Fuca a waya, wa zai ba da labarin Daurama?

Duk wanda ya bi shirin nan na ƙasar Sin mai kashi 70, Story of Yanxi Palace, wato Labarin Fadar Yanxi, ya san inda hawaye ke zuba. Bayan an ɗan wuce tsakiyar shirin ne. Sarauniya Fuca, uwargidan Sarki Qianlong, ta riga ta binne ɗanta na fari. Na biyun, jinjiri, ya rasu a gobarar da wata kishiyarta ta kitsa a daren sabuwar shekara. Tana cikin wannan zafi sai Erqing, tsohuwar hadimarta da ta auri ƙaninta Fuheng, ta zo ta shaida mata cewa akwai abin da ya shiga tsakaninta da Sarki. Wei Yingluo, hadimar da ta saba tare mata faɗa, ba ta cikin fada a ranar. Cikin dare Sarauniya ta hau hasumiyar ganuwar fada ta faɗo.

Lokacin da manhajar iQiyi ta fara sakin shirin a watan Yulin 2018, wannan kashi ya tayar da ƙura a ƙasar Sin. Masu kallo sun yi makokin Fuca kamar 'yar uwarsu, sannan suka huce a kan Su Qing, jarumar da ta fito a matsayin Erqing, har sai da ta rufe wurin yin sharhi a shafinta na Weibo saboda zagi. An kalli shirin sama da sau biliyan 15, kuma shi ne shirin talabijin da aka fi nema a Google a duk duniya a shekarar, duk da cewa a toshe Google yake a cikin ƙasar da ta yi shi.

Shekaru sun wuce, amma a wayar salula babu tsohon fim. Wanda aka tura masa yau a shagon masu tura fina-finai, sabo ne fil a wurinsa. Kuma mai kallo Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kafin ya fahimci irin wannan labari. Ya san uwargida, ya san kishiya, ya san ƙwarƙwara, ya san jakadiya da ke kai saƙo tana ƙara gishiri, ya san abin da haihuwar ɗa namiji ke nufi a gidan sarauta. Shi ya sa musun da ke biyo bayan kashin namu ne tsantsa, ko da tufafin na Sinawa ne. Wata za ta ce haƙuri ne ya kashe Fuca, da ta riƙa ramawa kamar Yingluo da ba a kai ta can ba. Wata ta ce a'a, haƙurinta ne ya ƙare, kuma kowace irin jarrabawa ba ta kai mutum ya ɗauki ransa ba. Maza sukan tsaya a kan Sarki: mijin da matarsa ta rasa ɗa, maimakon ya zauna da ita sai yake tuna mata nauyin sarautar da ke kanta. Matasa kuwa hankalinsu yana kan Fuheng da Yingluo, masoyan da dokar fada ta raba.

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne da ɓata data. Wannan jarida ba ta cikinsu. Matar da ta yi kuka saboda wata uwa da ta rasa 'ya'yanta biyu ba ta yi abin kunya ba, kuma gardamar ina haƙuri ya tsaya, ina cutar kai ta fara, gardama ce da gidajenmu ke buƙata, don akwai matan da ke ɗauke da baƙin ciki irin wannan ba su da wanda za su faɗa wa. Abin da muke jan kunne a kai daban ne.

Mai kallo ya sani cewa abin da ya gani wasa ne aka gina a kan tarihi. Sarauniyar ta gaske ta rayu, kuma ta rasu a 1748, tana da shekara 36. Sai dai ba daga hasumiya ta faɗo ba: a cikin jirgin ruwa ta rasu a garin Dezhou, ana kan hanyar dawowa daga rangadin da ta raka Sarki. Ɗanta Yongcong kuma cutar agana ce ta kashe shi, ba gobara ba. Qianlong, wanda ya hau mulki a 1735, ya yi baƙin cikin da ya kai shi ga hukunta manyan jami'an da suka aske kai kafin cikar kwana 100 na makoki. Marubutan shirin sun ɗauki waɗannan gaɓoɓi, suka canja abin da suka ga zai fi taɓa zuciya, kuma sun yi nasara. Sakamakon shi ne, yau akwai yarinya a Daura da za ta iya jera maka sunayen matan Qianlong, ta gaya maka wadda ta haifi magajinsa, amma ka tambaye ta sunayen sarauniyoyin da suka gabaci Daurama sai ta yi shiru.

Ba laifinta ba ne. Ruwa ba ya tsami banza: an daɗe ana aikin kawo mata waɗannan labarai har ƙofar ɗaki. Sashen Hausa na Rediyon Sin yana watsa shirye-shirye tun 1963. Kamfanin StarTimes ya shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, kuma yana ɗaukar masu sanya murya don juya fina-finan Sin zuwa Hausa da sauran harsunan Afirka. A 2013 aka juya wasan Beijing Love Story zuwa Hausa. A taron Sin da Afirka da aka yi a Johannesburg a Disambar 2015, Shugaba Xi Jinping ya yi alkawarin kai talabijin na tauraron ɗan'adam ƙauyukan Afirka 10,000, kason Najeriya 1,000. Mutanen Daura ba sai an ba su labari ba, don kamfanin CCECC na Sin ne ya gina Jami'ar Sufuri da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a garin a Disambar 2019. Ƙasar da ke gina maka layin dogo da jami'a tana kuma so ka san sarakunanta, ka so su. Ba mu ga abin zargi a nan ba. Kowace ƙasa mai hankali haka take yi. Indiya ta riga su da shekaru masu yawa, Turkiyya da Koriya ma suna nan a cikin wayoyinmu.

To, mu fa? A tsakiyar Daura, a unguwar da ke ɗauke da sunanta, rijiyar Kusugu tana nan a cikin ginin da aka yi mata, baƙi suna zuwa suna ja suna sha. Labarinta kowane ɗan firamare ya taɓa ji a taƙaice: Bayajidda ya baro Bagadaza, ya zauna a Borno ya auri 'yar sarki, ya gudu da aka shirya kashe shi, ya bar matarsa da ciki a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa makami, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, saboda macijin da ake kira Sarki. Ya je ya sare kansa.

A nan yawancin masu ba da labarin ke tsayawa, alhali nan ne wasan ya fara daɗi. Da gari ya waye, Sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe macijin, maƙaryata suka yi ta zuwa da kawunan da ba su dace da gangar jikin ba. Da aka gano baƙon, sai ya ce shi ba rabin gari yake so ba, ita yake so. A lura da bambancin: Fuca da ake kira sarauniya a fassara matar sarki ce kawai, ikonta bai wuce cikin gida ba. Daurama kuwa ita ce mai garin, ta gaji jerin mata da suka yi mulki kafin ta tun daga Kufuru, kuma al'adar da ta tarar ba ta yarda sarauniya ta san namiji ba. Don haka ta ba shi baiwarta Bagwariya. Bagwariya ta haifi ɗa namiji ta sa masa Karɓagari. Suna ne da ke aika saƙo. Daurama ta ji saƙon, ta karya al'adar da ta riƙe, ta haifi nata ɗan ta sa masa Bawo, wato a dawo da garin. Daga zuriyar Bawo, da ɗan da aka bari a Garun Gabas, aka ce an samu sarakunan Hausa Bakwai.

A faɗa mana abin da fadar Qianlong ta fi wannan. Ga mace mai mulki da aka sa ta zaɓa tsakanin kujera da zuciya. Ga baiwar da aka bayar kamar kyauta, ta wayi gari ita ce uwar ɗan fari. Ga matar farko da aka bari a hanya da ciki, wadda ba a cika tambayar yadda ta ƙare ba. Ga mulkin mata da ya zo ƙarshe a hannun wadda ta fi su shahara. Marubucin kirki zai fitar da kashi 70 a nan bai ƙara wani maciji ba.

Kuɗi na daga cikin dalilan da suka hana a yi. An ɗauki Labarin Fadar Yanxi a Hengdian, wani katafaren dandalin shirya fina-finai a lardin Zhejiang inda aka gina kwafin fadar sarakunan Beijing. Mu kuwa dandalin fina-finan da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016 an soke shi tun ba a sa bulo ba, bayan suka daga malamai. Furodusan Kannywood da ke jiran kuɗin tallar YouTube ba zai iya ɗinka kayan fada na mutum ɗari ya yi hayar dawaki ba. Amma kuɗin ba su ne duka ba. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar fim, a lokacin da kayan aiki suka fi na yau wahala nesa ba kusa ba. Kuma Labarina da Kwana Casa'in da Daɗin Kowa sun nuna cewa Bahaushe zai bi shiri mai dogon zango na shekaru idan rubutun ya yi kyau.

Babban dalilin, a ganinmu, tsoro ne. Labarin Bayajidda yana da ƙaya. Masana tarihi irin su marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi shakkar ɗaukarsa a matsayin asalin Hausawa, kuma labarin da kansa yana goyon bayansu ta wani gefen, tunda baƙon ya tarar da gari da sarauniya da maƙera da harshe. Akwai kuma laƙabin Banza Bakwai da aka liƙa wa zuriyar Karɓagari, wanda mutumin Kabi ko Zamfara ko Nupe ba zai zauna ya kalla yana murmushi ba. Masu shirya fim sun ga abin da ya samu fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a Netflix a 2021: an yi shi da Turanci, kuma 'yan Arewa da dama sun soki sutura da al'adun da aka nuna. Sukar tana da hujja. Sai dai darasin da ya kamata a ɗauka shi ne, idan mai ɗaki bai ba da labarin ɗakinsa ba, na waje zai bayar yadda ya ga dama. Ƙayar da ke cikin labarin Daura ma ita ce za ta sa ya yi armashi: a ba Bagwariya baki ta yi magana, a nuna yadda wanda ya ci nasara ke raɗa wa ɗan'uwansa suna.

Ba mu goyon bayan masu kiran a hana fina-finan waje. Su kansu Sinawan sun gwada: a Janairun 2019 jaridar Beijing Daily ta soki wasannin fada da koyar da makirci da son ƙawa, tashoshi suka janye su, a Satumbar 2020 kuma aka sauke Labarin Fadar Yanxi daga iQiyi. Hakan bai hana shi ci gaba da yawo a duniya ba. A nan gida, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025 bisa rashin kai su a tace. Ko me mutum ke gani game da matakin, hannun hukumar na gida kawai yake kaiwa. Na wajen suna shigowa ta katin waya, babu mai tare su.

Abin da muke nema mai yiwuwa ne. Majalisar Masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ke kan karaga tun 2007, ita ke riƙe da girgam da kayan tarihi da mutanen da suka haddace kirari da tsarin fada. Ta buɗe ƙofa ga marubuta, ta kuma yarda tun farko cewa wasa ba zai zama kundin tarihi ba, matuƙar an rubuta hakan ƙarara a farkon kowane kashi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su ba da masu duba sutura da gini da harshe, don kada a ga Daurama sanye da leshi. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun 2024, ta san waɗanda za su iya aikin da sunayensu. Attajiran Katsina da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo su gwada ɗaukar nauyin kashi goma na farko. Marubutan kuma a fara nemansu a cikin matan da suka shafe shekara talatin suna rubuta littattafan soyayya na Hausa, don babu wanda ya fi su sanin yadda kishi ke magana a tsakar gida.

Hawan Sallar Gani yana zuwa kowace shekara a watan Rabi'ul Awwal, da dawakinsa da lifidi da algaita da 'yan kallo da suka cika gari. Rabin kayan da mai shirya fim zai kashe miliyoyi ya haɗa suna fitowa kan titi a ranar da kansu, daga fada zuwa Kusugu kuma tafiyar ƙafa ce.