Haƙƙin mallaka: Doka ta yi tanadi, amma sai da takarda mai fasaha zai ci guminsa

A Kwanar Ɗangora da Tudun Wada da Bebeji da Doguwa, kamar sauran garuruwan Kudancin Kano, ba sai mutum ya je birni ba kafin ya samu sabon fim ko sabuwar waƙa. Masu turi suna nan a bakin kasuwa da kwamfutocinsu, suna zuba wa mutane finafinai da waƙoƙi a waya da kuɗi ƙalilan. Littattafan Hausa kuwa suna yawo a WhatsApp, wasu ana karanta su a YouTube ba da sanin marubutansu ba. Sana'ar tana ciyar da matasa da dama, sai dai sau da yawa wanda ya yi wahalar ƙirƙirar aikin ba ya ganin ko sisi.

Matsalar ta girmi wayar salula. Tun bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, masana'antar Kannywood take fama da masu satar fasaha, daga zamanin kaset zuwa na faifan CD. Abin da ya sauya shi ne saurin kwafi da arharsa.

A watan Maris na 2023, tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Dokar ta kare rubuce-rubuce da waƙoƙi da zane-zane da finafinai da sautin da aka naɗa da shirye-shiryen rediyo da talabijin. Haƙƙin yana tabbata da zarar an rubuta aiki ko an naɗe shi, ba sai an yi rajista ba. Rajista da Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, hujja ce da ke taimakawa idan rigima ta taso. Dokar ba ta kare tunani tsagwaronsa: kowa na iya rubuta labarin kishiyoyi, abin da aka hana shi ne kwashe rubutun wani.

Kariyar tana da wa'adi. Littafi da waƙa suna cikin kariya tsawon ran mai su da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suna da masu su har ƙarshen 2069, littattafan Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, har ƙarshen 2051. Fim da hoto da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne daga fitowarsu. An yi rangwame ga ɗalibi da mai bincike da mai sharhi da ɗan jarida su ɗauki abin da ya dace, amma rangwamen bai shafi mai kwafa don sayarwa ba. Sabuwar dokar ta kuma ba mai haƙƙi damar aika wa masu shafin intanet sanarwa su sauke aikinsa da aka ɗora ba da izini ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yarjejeniya. A waƙa guda akwai haƙƙi fiye da ɗaya: na baitoci da kiɗa, da kuma na sautin da aka naɗa, wanda doka ke bai wa wanda ya ɗauki nauyin naɗin. Matashin da ya taso daga Kiru ya shiga situdiyo a Kano bisa amana, wani ya biya kuɗin aikin, zai iya wayar gari ya tarar sautin ba nasa ba ne. Dokar ta ce sayar da haƙƙi ko miƙa shi kacokan ga mutum ɗaya ba ya inganta sai a rubuce. Wannan kariya ce ga mai fasaha, kuma gargaɗi ne ga ɗan kasuwar da ya saya da fatar baki.

Akwai kuma matsalar nisa. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron shari'ar haƙƙin mallaka, kuma mawaƙin da ke Riruwai sai ya yi tafiyar sa'o'i zuwa Kano, ga kuɗin lauya da zai iya fin abin da waƙar ta kawo. Kame ma bai isa magani ba, domin rufe shago ɗaya ba ya hana fim yawo daga waya zuwa waya.

Hanyar da ta fi kusa ita ce lasisi: ƙungiyoyin masu turi su riƙa biyan masu finafinai da mawaƙa wani kaso sananne, su yi sana'arsu a fili ba tare da fargaba ba. Wannan na buƙatar NCC da ƙungiyoyin 'yan fim da marubuta su kai wayar da kai cikin harshen Hausa har kasuwannin ƙauye. Kafin nan, abin da ke hannun kowane mai fasaha shi ne ya adana asalin aikinsa da kwanan wata, kada kuma ya miƙa shi ga kowa sai da takarda da shaidu.